Kumburin Muƙamuƙi: Abin da Injiniya Yake Gani a Cikin Ƙashi



Malam shugaba, yayyenmu da suka riga mu zuwa ƙasar nan, 'yan uwa ɗalibai maza da mata, barkanmu da ganin wannan rana. Kwamitin shirye-shirye ya ce duk mai karatun digiri na uku ya tashi ya faɗi abin da yake yi a jami'arsa, da Hausa zalla, cikin minti 20. To ga ni, Allah ya sa harshen ya ɗauke ni.

Digirina na farko a fannin injiniyan injuna ne. Yanzu kuwa bincikena a kan faifan ƙarfe ne da ake ɗaure muƙamuƙin mutum da shi bayan likita ya yanke wani sashe na ƙashin. Likitocin tiyatar baki da fuska su ke yanka, ni kuma ina zaune gaban kwamfuta ina lissafin ko ƙarfen da za a sa zai jure tauna ko zai karye. Saboda haka kusan kullum ina kallon hotunan muƙamuƙan da ƙari ya cinye. Abin da nake so mu tattauna yau shi ne wannan ƙarin kansa, domin mu da ke waje mu ne ake turo wa hoto ta WhatsApp a ce, "Dubi fuskar ƙanwarka, me Turawa suke cewa a kan wannan?" Kuma sau da yawa mu ne ake jira mu turo kuɗin magani.

Likitoci sun kasa ƙari gida biyu. Akwai mai zama inda ya tsiro, yana girma a wurin, ba ya tura 'ya'yansa zuwa huhu ko hanta. Akwai kuma mai yaɗuwa, wanda muke kira daji ko kansa. Matsalar tana farawa ne daga ranar da likita ya ce wa dangi, "Ba kansa ba ce." Sai a yi hamdala, a naɗe takarda a sa a aljihu, a koma gida. A muƙamuƙi wannan hamdalar tana iya jawo asarar rabin fuska, kuma ƙarin da ya fi yin wannan ɓarna a ƙasashenmu yana cikin rukunin da ake cewa ba kansa ba ne. Sunansa amilobilastoma.

Asalinsa daga haƙori ne. Lokacin da haƙora suke ginuwa a cikin ƙashi, tun muna ciki har zuwa ƙuruciya, akwai ƙwayoyin halitta da aikinsu shi ne tsara haƙorin da shafa masa farin rufin nan mai tauri. In sun gama aiki akasarinsu sukan ɓace, amma ɓurɓushinsu yakan rage a cikin ƙashi, kamar ragowar siminti da magini ya bari a lungu. A wajen yawancin mutane ɓurɓushin nan yana kwance har mutuwa. A wajen wasu kuwa sai ya farka ya fara yaɗo. A shekarar 2014 masu bincike suka gano cewa da yawa daga cikin amilobilastoma na muƙamuƙin ƙasa suna ɗauke da wani canji a ƙwayar gado da ake kira BRAF, irin wanda ake gani a wata kansar fata. Wajen kashi 80 cikin 100 a muƙamuƙin ƙasa yake fitowa, galibi can baya wajen turame. A rahotannin asibitocin Turai da Amurka wani ƙaramin ƙari mai kama da tarin haƙora ne yakan zo na farko a cikin ƙarin da ke da asali daga haƙori, amma a rahotannin asibitocin koyarwa na Najeriya amilobilastoma ne a gaba, kuma masu shi da yawa matasa ne, sa'o'inmu da ke zaune a zauren nan.

Abin da ya sa yake yaudara shi ne ba ya ciwo. Mutum zai yi shekara yana ganin kumatunsa ɗaya ya ɗan fi ɗaya, yana cin tuwonsa, yana zuwa kasuwa. A ciki kuwa aikin gara ake yi a jikin azara. Ƙarin yana cinye tsakiyar ƙashi yana tura bangonsa waje, har bangon ya zama siriri, in an danna a ji yana ƙara kamar ɓawon ƙwai. In aka ɗauki hoton ƙashi sai a ga ramuka-ramuka kamar kumfar sabulu, wani lokaci kamar saƙar zuma. Saiwar haƙoran da ke wurin takan narke, su fara girgiɗa.

A nan ne ake yin abubuwa biyu da suke ɓata lamari. Na farko a cire haƙorin da ke girgiɗa ba tare da an ɗauki hoto ba, a ce ai shi ne ya kawo kumburin. Ramin kuma ya ƙi warkewa. Na biyu a kai mutum a yi masa sakiya ko tsaga. Da yake wasu ramukan akwai ruwa a cikinsu, in an huda ruwa yakan fito, kumburin ya ɗan sace, kowa ya ce an dace. Alhali ƙarin yana nan daram, an dai buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa ne. Wanzami bai yi da mugunta ba, maruru ya saba gani, kuma a maruru sakiya tana fitar da mugunya. Wannan kuwa a cikin ƙashi yake.

Ko a asibiti ma, in aka buɗe aka kankare shi kawai kamar ana kankarar ƙanzo, a rahotanni da yawa fiye da rabi yakan dawo, wani bayan shekara 5, wani bayan 10. Dalili shi ne yana tura 'yan yatsu cikin sassan ƙashi masu kama da soso, gaba da inda hoto ya nuna iyakarsa. Shi ya sa ga nau'in da aka fi gani, likita yakan yanke ƙashin ne tare da ƙarin santimita 1 zuwa 1.5 na lafiyayyen ƙashi ta kowane gefe. Ku riƙe wannan adadin, zan dawo kansa.

Akwai sauran ƙari masu zama wuri ɗaya, wasu na tsokar zare da ke juyewa ƙashi, wasu jakar ruwa ce kawai a kusa da haƙorin da bai fito ba. Ba zan tsaya a kansu ba. Da ido duk kamanninsu ɗaya, kumburi ne. Abin da ke rarrabe su shi ne a yanki ɗan ƙanƙanen nama a kai ɗakin gwaji a duba shi a madubin likita.

Mu koma ga mai yaɗuwa. Shi halinsa sauri ne. Abin da amilobilastoma yake yi a shekara, shi a 'yan makonni yake yi. Akwai kuma wata alama da nake roƙon kowa ya tafi da ita gida. A cikin muƙamuƙin ƙasa akwai wani siririn rami da jijiyar ji take bi, ta fito wajen haɓa ta ba leɓen ƙasa ji. Ƙari mai zama wuri ɗaya galibi ture jijiyar nan yake yi a hankali, tana ci gaba da aikinta. Mai yaɗuwa kuwa cin ta yake yi. Saboda haka in mutum ya ce leɓensa na ƙasa ko haɓarsa ta mutu ta gefe ɗaya, kamar an yi masa allurar kashe zafi alhali ba a yi ba, wannan magana ce ta zuwa asibiti a makon nan. Haka in haƙora lafiyayyu suka fara girgiɗa a tare, ko kaluluwa mai tauri ta fito a wuya ba ta ciwo ba ta tafiya.

Kansar da ta fi yawa a baki daga fatar cikin baki take farawa, a dasashi ko gefen harshe, daga baya ta ci ƙashi. Taba da giya su ne manyan masu jawo ta. 'Yan uwanmu da suka yi karatu a Sudan sun san tumbak, garin tabar da ake ƙunsawa a leɓe. An auna shi an samu sinadaran da ke haddasa kansa a cikinsa da yawa ƙwarai, kuma a daidai inda ake ajiye shi gyambon yake fitowa. Ƙa'idar da likitocin nan Ingila suke bi mai sauƙi ce: gyambon baki da ya wuce sati 3 bai warke ba, kuma ba a san dalilinsa ba, a tura mai shi wurin ƙwararre da gaggawa. Akwai kuma kansar ƙashin kansa, ostiyosakoma, wadda a ƙafa matasa take kamawa, a muƙamuƙi kuwa takan jira mutum ya kai shekara 30 ko 40.

Amma wadda labarinta ya fi shafar mu ita ce ta yara. A 1957 wani likitan tiyata ɗan Ailan, Denis Burkitt, yana aiki a asibitin Mulago da ke Kampala a Yuganda, ya ga yaro da kumburi a muƙamuƙai, sama da ƙasa. Bai daɗe ba ya sake ganin wani. Ya bi tsofaffin takardun asibiti, ya buga rahotonsa a 1958. Daga nan ya yi abin da ni a matsayina na injiniya yake burge ni, wato ya koma ga taswira. Ya aika takardun tambaya asibitocin Afirka, sannan a 1961 shi da abokan aikinsa biyu suka shiga tsohuwar mota suka yi tafiyar mil dubu 10 suna bin asibitoci. Suka ga cutar tana bin wurare masu zafi da damshi, tana ɓacewa a kan tsaunuka masu sanyi. Taswirar ta zo daidai da ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A wannan shekarar dai, wani mai bincike, Anthony Epstein, ya saurari laccar Burkitt a Landan, ya roƙi a riƙa turo masa samfurin ƙarin. A 1964 shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano ƙwayar cutar bairos a ciki, ta farko da aka danganta da kansa a jikin ɗan Adam. Abin da aka fahimta yanzu shi ne zazzaɓin cizon sauro mai maimaituwa da wannan bairos su ke haɗuwa su buɗe wa kansar hanya a jikin yaro, galibi ɗan shekara 4 zuwa 7.

Wannan kansa tana cikin mafiya sauri da aka sani, tana iya ninka kanta cikin kwana ɗaya ko biyu. Sai dai saurin nata shi ne rauninta, domin maganin kansa ƙwayoyin da ke rabuwa da sauri yake kashewa. Yaro da fuskarsa ta kumbura har ido ya rufe, in aka fara masa allurai, cikin kwanaki ake ganin kumburin yana sacewa. Ba a ma yanke muƙamuƙin. Cikin waɗanda suka nuna wa duniya haka akwai likita ɗan Kamaru, Victor Anomah Ngu, da ya yi aikin a Ibadan, kuma a 1972 yana cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker tare da Burkitt.

Kun san maganar da ake yi a gida, wai daji ba ya son allura, in ƙarfe ya taɓa shi sai ya haukace. Na ji ta daga bakin mutanen da nake girmamawa. A ganina ga inda ta samo asali: ana riƙe mara lafiya a gida sai abin ya gagara, sannan a kai shi asibiti, a yi masa allura, bayan sati biyu ya rasu. Wanda ya ga haka sau biyu ko uku dole ya zargi allurar. Amma ga kansar Burkitt wannan imani yana cin ran yaran da allurar ce kaɗai za ta cece su, kuma kowane sati na jira yana da tsada.

To, yanzu ga fagena. Muƙamuƙin ƙasa, a idon injiniya, sanda ce lanƙwasasshiya kamar kofaton doki, an rataye ta a maɗaurai biyu gaban kunnuwa, tsokoki suna jan ta sama. Baligi mai lafiya in ya cije da turamensa, ƙarfin yana iya kai nauyin kilo 50 ko fiye. Kuma muna tauna fiye da sau dubu a yini. In aka yanke tsakiyar sandar nan, tsokoki sukan ja guntayen biyu kowanne nasa wuri, haƙoran sama da na ƙasa su daina haɗuwa. Dole a cike giɓin.

Ku tuna santimita 1 zuwa 1.5 da na ce ku riƙe. Ƙari mai faɗin santimita 2, in aka haɗa da gefensa, giɓin zai kai 4 zuwa 5. Wannan ana iya ɗebo ƙashi daga ƙugun mutum a dasa, a ɗaure da faifan ƙarfe, jini ya ratsa shi a hankali daga naman da ke kewaye, ya kama. Likitocinmu na gida suna yin wannan aiki. Wani lokaci ma, in ƙarin ƙarami ne sosai, ana iya barin gindin ƙashin bai katse ba. Amma da giɓi ya wuce wajen santimita 6, dashen da ba shi da jijiyar jininsa yakan fara gazawa, ya narke ko ya ruɓe. Daga nan sai babban aiki.

Babban aikin shi ne a ciro siririn ƙashin ƙwauri, wanda ke gefen waje na ƙafa. Nauyin jiki kaɗan yake ɗauka, ana iya cire tsakiyarsa a bar 'yan santimita sama da ƙasa, mutum ya ci gaba da tafiya. Ana samun tsawon da ya kai wajen santimita 25. Ana ciro shi tare da jijiyoyin jininsa, a yayyanka shi a lanƙwasa ya yi siffar muƙamuƙi, a ɗinke jijiyoyin da na wuya a ƙarƙashin madubi, da zare da ya fi gashin kai siranta. Ian Taylor a Ostareliya ne ya fara buga rahoton dasa wannan ƙashi da jijiyoyinsa a 1975, David Hidalgo a Amurka kuma ya kai dabarar ga muƙamuƙi a 1989. Aiki ne da yakan cinye yini guda, yana buƙatar ƙwararru rukuni biyu, da madubin tiyata, da jini a ajiye, da ɗakin kulawa ta musamman, da wutar da ba za ta ɗauke ba. Ku lissafa asibiti nawa ne a jiharku ko yankinku yake da waɗannan duka a rana ɗaya, sannan ku lissafa iyali nawa ne za su iya biya.

Inda giɓin yake ma yana da muhimmanci. In a gefe ne, mutum yana iya rayuwa da karkatacciyar fuska. In ƙarin ya tsallaka haɓa kuwa, lamarin ya sake, domin tsokar da ke riƙe harshe gaba a bayan haɓa take manne. Ba haɓa, harshe yakan faɗa baya ya toshe numfashi, yawu ya riƙa zuba, magana da haɗiya su yi wuya. Budurwa ko saurayi a wannan hali, kun san abin da zai biyo baya a zancen makaranta da aure da shiga mutane.

Wasu, saboda rashin hali, faifan ƙarfen kaɗai ake sa musu ba ƙashi. A nan nawa aikin yake. Faifan na taitaniyam ne, ƙarfen da jiki ba ya ƙi, amma ya fi ƙashi tauri wajen sau 5 ko 6, kuma ba shi da rai. Ƙashi in ya ɗan tsage yakan gyara kansa, ƙarfe kuwa tara gajiya yake yi. Duk wanda ya taɓa karya waya da hannu, yana lanƙwasa ta gaba da baya, ya san abin da nake nufi. Tauna ita ce lanƙwasawar, kuma wata rana faifan yakan karye, ko kusoshinsa su saki, ko ya huda fata ya fito. Wani abin kuma, faifan a miƙe yake zuwa daga kamfani, likita ne yake lanƙwasa shi da filaya a ɗakin tiyata, mara lafiya yana kwance. Duk lanƙwasawa da mayarwa tana rage masa kwana.

A jami'armu muna ɗaukar hoton siti sikan na mara lafiya, mu gina muƙamuƙinsa a kwamfuta, mu yi yankan a allo, mu ɗora masa nauyin tauna mu ga inda ƙarfen zai fi wahala, sannan a buga faifan da ya dace da shi kaɗai daga garin taitaniyam. Aiki ne mai daɗi, kuma shi zai ba ni digiri in Allah ya yarda. Amma in kun tambaye ni abin da zai fi amfani a Kano ko Kumasi ko Damagaram gobe da safe, ba zan ce injin buga taitaniyam ba. Zan ce ƙaramin injin buga siffa da roba, irin wanda ɗalibai suke wasa da shi a ɗakunan gwajinmu. A buga muƙamuƙin mara lafiya da roba, likita ya zauna a ofishinsa ya lanƙwasa faifan da ya saba saya a kan robar, a tsanake, sau ɗaya, a kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinsa, ranar aiki a ɗora kawai. Lokacin tiyata ya ragu, ƙarfen bai gaji ba, fuska ta fi daidaita. Duk mai digirin injiniya a zauren nan zai iya koyon wannan a hutu ɗaya. Ina neman mutum biyu ko uku da za mu zauna mu tsara yadda za mu koyar da shi ga ɗaliban gida, ku same ni bayan sallah.

Kafin nan, in hoton ya shigo wayarka, kada ka fara da tura kuɗi, fara da tambaya. Yaushe aka fara ganin kumburin, da sauri yake girma ko a hankali, leɓe ya mutu, haƙora suna girgiɗa? In yaro ne kuma abin kwanaki yake yi yana ƙaruwa, a kama hanyar asibitin koyarwa ranar. In babba ne, ka ce a je sashen tiyatar baki da fuska, akwai shi a asibitin Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello, da na Sakkwato da Maiduguri, a Gana kuma Korle Bu da Komfo Anokye. Ka ce a ɗauki hoton da ke nuna muƙamuƙi gaba ɗaya daga kunne zuwa kunne, kafin a cire ko haƙori ɗaya. Kuɗinka ya fara tafiya can, da kuma gwajin nama. Takardar sakamakon gwajin a ɗauke ta hoto a turo maka ka adana, don in ƙarin ya dawo bayan shekaru, ita likita na gaba zai fara nema. In kuma aka ce maka, "Likita ya ce ba kansa ba ce," ka yi hamdala tare da su, sannan ka tambayi ranar da aka sa za a cire shi.

Na zo da muƙamuƙai biyu na roba, suna kan teburin baya kusa da shayi, an buga su daga hotunan da aka goge sunayen masu su. Cuta ɗaya ce a jikinsu, amilobilastoma. Ɗaya raminsa bai fi ƙwayar dabino ba, ɗayan ya tashi daga turmin hagu ya tsallaka haɓa. Na zana layin yanka da jan alƙalami a kan kowanne. Ku ɗauka ku juya, ku gwada da naku muƙamuƙin, sai dai a kula da yara kada su tafi da su, na ɗakin gwaji ne kuma ranar Litinin za a tambaye ni.

Malam shugaba, na ga kana duba agogo.